Ɗingishin da kyamara ba ta gani ba

Mahaifina dillalin shanu ne, kuma da ido aka san shi a Garwa. Sauran dillalai in an kawo saniya sai su hau matsa ƙugu, su buɗe baki su duba haƙora, su ja wutsiya, su yi ta surutu. Shi ba ya taɓa dabba sai ya ga tafiyarta. Yakan koma gefe ya ce wa mai ita, "Kora ta can, ka dawo da ita." Daga nan ya tsuguna, ya kanne idon dama, ya kafa na hagu a kan wani turke, ya bar saniyar ta gifta ta gabansa. In akwai ƙafar da take ɓoye ciwo, ko da kwana biyu ya rage ciwon ya fito fili, zai gani. Mahautan gari da yawa ba sa biyan kuɗin sa sai sun ji ta bakinsa.

Ni ne ɗansa na fari, don haka ba ya kiran sunana. "Kai" nake a wurinsa, ko "wannan", ranar da ransa ya yi fari kuma in zama "mutumin". Tun ina ƙarami yake tafiya da ni kasuwar shanu in babu makaranta. Sai ya tsugunar da ni gabansa, ya riƙe kaina da tafin hannunsa don kada in juya, ya ɗora babban yatsansa a kan idona na dama.

"Kada ka bi ta da kallo," yake cewa. "Tsaya wuri ɗaya, ita ta wuce. Kuma da ido ɗaya ake yi. In ka buɗe biyu, rufa wa juna asiri za su yi, abin da wannan ya rasa wancan ya cike masa."

Hannunsa warin igiya da goro yake yi. Har yau in na ji warin igiyar rama sai in ji kamar an riƙe mini kai.

Ina karatu a Ngaundare idonsa ya fara tafiya. Ba mu sani ba sai da ya zaɓa wa wani mahauci bijimi a Bogo, aka sauke shi daga mota yana ɗingishi ƙiri-ƙiri. Aka ce tsautsayi ne. Da ya maimaita, mutane suka fara gaishe shi da girmamawa sosai, sannan su zagaya su kira wani dillalin. Ya sha tozali iri-iri, ya sha tofi, ya sha maganin masu tallar kwalba. Ranar da ya yarda aka kai shi asibiti, babu sauran abin da za a ceta. An gaya mana a lokacin cewa ciwon yana bin jini. Na ji da kunnena, amma ina saurayi mai ganin allura a cikin yashi, sai na ɗauka da wasu ake.

Aikin da na samu daga baya, in ka cire kashin shanu da ƙuda, aikin mahaifina ne. Wani ƙaramin kamfani ne a saman bene, bisa shagon masu sayar da taya. Manhajar waya muke yi wa manoma da 'yan kasuwa, wadda mutum zai buɗe ya ga labarin kasuwanni da hotunan kaya. Manoman shinkafa na Maga su ne suka fi amfani da ita. Ni ne mai gwaji: duk abin da aka rubuta sai ya bi ta hannuna kafin ya fita. Abin da na fi sa wa ido shi ne motsi. In ka ja shafi da yatsa, wayar hotuna take zanawa ɗaya bayan ɗaya, kimanin sittin a daƙiƙa guda, shi ya sa ido yake ganin abin yana sulalewa. In ta gaji ta tsallake wasu, sai shafin ya cije ya yi tsalle. Wani zai ce wannan kwalliya ce kawai. To, mutanenmu da yawa ba karatu suke yi ba, motsin suke bi. In shafi ya cije, sai mutum ya ɗauka wayar ba ta ji shi ba, ya sake dannawa, ya faɗa inda bai nufa ba, ya ce abin na aljanu ne, ya goge shi. Ni ɗingishi nake kiran wannan cijewar, har kowa a ofis ya ɗauki kalmar.

Yadda nake dubawa kuwa dariya yake ba su. In jingine waya jikin kofin shayi, in kanne idon dama, in kafa na hagu a tsakiyar gilashin, in bar shafin ya wuce. Ban taɓa tunanin canja wannan ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin da wane hannu zai ci tuwo.

Wanda yake rubuta manhajar wani mutumin duwatsun wajen Mokolo ne, Kirista, sa'ana. Hausarsa ta kasuwa ce, a gindin buhunan albasar uwarsa ya koye ta, rabi Faransanci rabi Fulatanci, kuma ba ya jin kunyarta ko kaɗan. Ni "mutumin dutse" nake ce masa, shi kuma "dillali". Kullum da rana tare muke sauka mu ci gasasshen kifin Binuwai wajen wata mata a bakin titi, yana tsokanata wai barkono yana sa ni kuka, ina tsokanarsa wai ya ci ƙaya bai sani ba. In na dawo masa da aiki na ce akwai ɗingishi, sai ya yi tsaki, ya zage ni da yarensu, ya duba, ya same shi.

Maigidanmu a Duwala yake zaune, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Wata zuwa da ya yi ya tsaya yana kallona da ido ɗaya a kanne, ya ce shi ba zai iya zuwa gaban masu ba da kwangila ya ce musu wani mutum a Garwa ya kanne ido ya ce lafiya lau ba. Awo yake so, abin da za a nuna a takarda. Raina ya ɓaci, amma na san yana da gaskiya, kuma abin ya shiga kaina. Na ce a bar ni da shi.

Kwalin sabulu na samo, na shafe cikinsa da baƙin fenti. Wayar gwaji tana kwance a ƙasa, kyamara mai ɗaukar hoto da sauri sosai tana leƙowa ta wani rami a sama. Kwamfuta ce take jan shafin, iri ɗaya kowane lokaci, don yatsan mutum ba ya maimaita kansa. Sannan na rubuta wani shiri da yake duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya nemo gefen abin da yake motsi, ya auna nisan da ya yi daga wannan hoton zuwa na gaba, ya zana layi. In tafiya lafiya take, layin ya miƙe sumul. In an yi ɗingishi, sai ya yi matakala. A taƙaice, na koya wa kwamfuta tsugunon mahaifina.

Ban same shi da sauƙi ba. Da farko layin rawa yake yi ko da wayar ba ta motsa ba, na yi kwanaki ina neman dalili, ashe doguwar fitilar ofis ce take ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa amma kyamara tana gani, hasken yana shiga ta bakin kwalin. Na toshe da tsohon zanen matata. Sai kuma zafi. Wayoyin da mutanenmu suke riƙewa masu araha ne, in ranar Garwa ta watan Maris ta dake su sai su rage gudu don kada su ƙone. Abin da ya wuce sumul a ɗaki mai sanyi, a kasuwa rarrafe yake yi. Don haka kwalina ya koma baranda, da tsakar rana nake awo, gumi yana ɗiga daga haɓata. Masu taya na ƙasa suka ɗauka tsafi nake yi, ɗayansu har ya hawo ya tambaye ni ko ina duba wa mutane.

Da abin ya daidaita, sai daɗi ya zo. Duk inda na ce ga ɗingishi, layin ya yi matakala daidai wurin. Duk inda na ce lafiya, ya miƙe. Mutumin dutse ya ce, "Dillali, ka haifi ɗa mai kama da kai, har mugun halin." Na ba mahaifina labari, na ce na yi na'ura mai ganin tafiyar saniya a cikin waya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To ita ma da ido ɗaya take gani?" Na ce da ɗaya. Ya ce ashe tana da hankali.

Mun yi kusan shekara a haka, ni da kwalin bakinmu ɗaya. Sai aka zo sabon shafin da mutanen Maga suka roƙa, wanda hotunan buhuna suke tasowa daga ƙasa, ana so ya fita kafin girbi. Na jingine waya, na kanne ido, na ga hoton buhu ya taso, ya zo ƙasa da tsakiya kaɗan, ya ɓace, ya bayyana a gaba. Tsalle ne ƙarara. Na sa a kwali don in samu shaidar da zan kai wa mutumin dutse, sai layin ya fito a miƙe kamar an ja shi da zare.

Na mayar masa da aikin duk da haka. Ya duba bai ga komai ba, amma saboda ya saba ina da gaskiya, ya rage nauyin hotunan. Na sake gani. Ya sauya yadda suke tasowa. Na sake gani, a wuri ɗaya. Sai na juya kan kwalin. Na goge gilashin kyamara, na aro wata wajen mai ɗaukar hoton biki, na warware shirin da na rubuta layi-layi ina neman inda yake haɗiye kuskure. Na yi awo a baranda, na yi a ɗaki, na yi da wayoyi daban-daban. Kowane lokaci na'urar ta ce lafiya, ni kuma ina ganin tsalle da idona. Ban taɓa jin haushin abu marar rai kamar yadda na ji haushin kwalin nan ba. Ni na yi shi, ni na koya masa, yau shi ne zai ƙaryata ni?

Maigida ya fara bugo waya kullum. Mutanen Maga suna jira, shinkafa ta fara ja. Mutumin dutse ya daina tsaki, ya daina zagina da yarensu, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Muka daina sauka cin kifi tare. Matar ta tambaye ni ko abokina ya yi tafiya, na ce aiki ne ya yi yawa. Wata rana a gaban kowa na ce masa in ya gaji da aikin ya faɗa, kada ya riƙa turo mini gurguwar saniya yana cewa lafiyayya ce. Ya dube ni ya daɗe, ya koma kan aikinsa.

Washegari bayan la'asar, da sauran suka fita, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Dillali, nuna mini wurin. Sa yatsa."

Na kanne ido, shafin ya taso, na ɗora yatsa inda buhun ya ɓace. Ya yanko ɗan salatif ya manna a wurin. Sai ya ɗauki wayar ya juya ta, kai a ƙasa, ya kulle fuskar don kada ta juyo, ya sake jingine ta. Salatif ɗin ya koma sama.

"Encore. Sake dubawa."

Yanzu buhunan daga sama suke gangarowa. Suka wuce ta kan salatif sumul, ko gezau. Suka zo ƙasa da tsakiya kaɗan, inda babu alamar komai, suka ɓace, suka bayyana a gaba.

Na ce, "Ya koma wani wuri."

Ya ce, "Bai koma ko'ina ba, mon frère, ɗan'uwana. Waya na juya, kai ban juya ka ba." Muryarsa ta sauka. "Canja ido."

Na san abin da zan gani tun kafin in canja. Na rufe na hagu, na buɗe na dama, wanda tun ina yaro ban taɓa ba shi aikin nan ba. Buhuna suka gangaro tun daga sama har ƙasa kamar ruwa a kan tangaran. Babu ɗingishi a shafin, bai taɓa yin ɗingishi ba.

Na tashi na shiga banɗaki na rufe. Na ɗaga buta na tsiyayar da ruwa ina kallon bango da idon hagu. Zaren ruwan ya sauko, ya yanke a tsakiya, ya ci gaba a ƙasa. Na buɗe ido biyu, ya haɗe. Na rufe, ya yanke. Na yi ta yi har butar ta ƙare. Tsoro na ji, kuma abin da yake ta zuwa mini shi ne bijimin Bogo yana saukowa daga mota. Da na fito, mutumin dutse yana nan zaune bai taɓa komai ba. Ya ce gobe shi zai kai ni asibiti a kan motonsa, wato babur, in bar nawa a gida. Na buɗe baki in ba shi haƙuri kan maganar gurguwar saniya, ya ɗaga hannu ya ce in bari sai na biya kifi.

A asibitin aka sa haɓata a bakin wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka rufe mini ido ɗaya, aka ce in kafa ɗayan a tsakiya kada in motsa, duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna maɓalli. Na kusa yin dariya. Kwalina ne, sai dai yau ni ne a kwance a ƙasa. Ina ji ana shiru mai tsawo ban danna komai ba, kuma na san a cikin shirun nan hasken yana kunnuwa, ni ne ban gan shi ba.

Likitar mace ce, 'yar kudu, da Faransanci muka yi magana. Ta ce ruwan cikin idon ne yake matsa jijiya yana kashe ta a hankali, abin da mutane suke kira hawan jinin ido. Ta tambaya ko akwai makaho a gidanmu. Na ce mahaifina. Ta gyaɗa kai kamar dama amsar take jira. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ma ya fara hawa, amma bai yi ɓarna ba tukuna. Akwai maganin ɗigawa, safe da yamma, har ƙarshen rai, in na riƙe shi da gaske ana iya tsayar da abin ko a rage masa gudu. Ta ce na yi sa'a, yawancin mutane ba sa lura sai ya ci rabi, domin ɗayan idon yana cike gurbin. Ta tambaye ni yadda aka yi na gane da wuri. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ce a wurin aiki ne.

Shafin ya fita kafin girbi, yadda mutumin dutse ya rubuta shi tun farko. Ni na sa hannu, bisa shaidar kwalin. Maigida ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a yi masa irinsa a Duwala, ya ce yanzu ko wa aka ɗauka zai iya gwajin motsi, ba sai an dogara da idon mutum ɗaya ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, bai san komai ba, mutumin dutse bai gaya wa kowa ba. Na ce masa haka ne. Na sauka ƙasa na tsaya cikin tayoyi na daɗe. Ba korata za a yi ba, na sani, har yanzu ni nake kula da na'urar, ni nake gyara ta. Amma abin da nake taƙama da shi tun ina tsugune a kasuwar shanu, abu ɗaya da na gada, na wayi gari kwalin sabulu ya fi ni shi. Kuma ban san shekara nawa ya rage mini in ga ko layin da yake zanawa ba.

Matata ta sani tun ranar. Ita take tuna mini da magani, ita ta ce in gaya wa Baba. Na ce ba yanzu ba. Mutumin da ya rasa idonsa, ya rasa sana'arsa, abin da ya rage masa na alfahari shi ne ya bar wa ɗansa ido. In baƙi suka zo gaishe shi, ba ya daɗewa sai ya kawo zancen: "Wannan, ai har Turawan waya da idonsa suke aiki." Ta yaya zan zauna gabansa in ce abin da ya bar mini guda biyu ne, kuma na biyun yana cin na farkon? Sai na riƙa ɗiga maganin a bayan gida, kwalbar tana aljihuna kullum kamar kayan sata. Watanni suka wuce a haka.

Akwai al'adar da muka riƙe tun da ya makance. Lokaci-lokaci ranar kasuwa nakan kai shi kasuwar shanu, ba don saye ba, don ya ji wari ya ji hayaniya. Ya dafa kafaɗata mu ratsa, tsofaffin abokansa su taso su gaishe shi da Fulatanci, "Jam na, Alhaji?" ya amsa "Jam," a yi ta dariya ana tuna shanun da suka mutu tun kafin a haife ni. Kafin mu tafi yakan ce in duba masa dabba ɗaya in gaya masa tafiyarta. Tun bayan asibiti na riƙa kawo uzuri, yau aiki, gobe zafi. Ranar nan ya ce ko in kai shi ko ya sa a kira masa mai moto. Na kai shi.

Wani Bafulatani daga wajen Tcholliré ya kawo jar saniya mai dogon ƙaho, mutane sun kewaye ta. Baba ya ji ana yabonta, ya ce, "Kai, wannan za ka duba mini." Ya ɗaga murya yadda yake yi a da, "Kora ta can, ka dawo da ita!" Mai saniyar ya san shi, ya yi murmushi ya kora. Na tsuguna, na yi niyyar in duba da na dama shiru, wa zai sani? Sai Baba ya tsuguna a bayana, gwiwoyinsa suna ƙara. Ban san abin da ya taso masa ba ranar, ko daɗin muryarsa da ya ji ta fita ne. Ya laluba ya kama kaina da tafin hannunsa kamar ina ɗan shekara bakwai, ya ɗora babban yatsansa a kan idona na dama, yana dariya.

"Tsaya wuri ɗaya, ita ta wuce."

Saniyar ta taho. Na kafa idon hagu a kan turke. Ƙafafun gaba suka shigo, suka zo ƙasa da turken kaɗan, suka ɓace, suka bayyana a gaba. Na baya ma haka.

"Yaya?" ya ce.

Ina iya cewa lafiya lau. Ina iya cewa tana ɗingishi. Duk wanda na faɗa zai karɓa, ya maimaita wa mutane da ƙarfi, da sunansa a kai. Ban san wanne ne gaskiya ba.

Na ce, "Baba, ɗage yatsanka. Bari in duba da ɗayan."

Dariyar ta tsaya. Yatsan bai ɗagu ba. Ina jin numfashinsa a bayan wuyana, ina jin hannun yana ƙara nauyi. Mai saniyar ya kai ƙarshe ya juyo da ita, ta sake wucewa ta gabanmu.

Sai ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a hankali, kamar yana gwada yadda yake a baki. Ban taɓa jin sa da muryarsa ba. Na amsa.

"A ƙasa yake ɓacewa, ko a gefe?"

"A ƙasa kaɗan."

"Nawa a gefe ya fara." Sai ya tambaye ni, "Ka je wajen likita, ko kai ma tozali kake sha?"

"Na je, Baba. Sun ba ni magani. Sun ce an kama shi da wuri."

"Yana ina?"

"Aljihuna."

"Na yau fa?"

"Na sa na safe. Saura na yamma."

"Yamma ta yi. Sa shi yanzu, a gabana."

Na ciro kwalbar. Ya tanƙwasa kaina baya ya jingine shi a ƙirjinsa, nan tsakiyar kasuwa, shanu suna kuka, dillalai suna rantse-rantse, Bafulatanin yana riƙe da igiya yana jiran a ce wani abu game da saniyarsa. Na ɗiga a na hagu, na ɗiga a na dama. Baba ya bi kumatuna da yatsa don ya tabbatar maganin ya shiga. Ya same su jiƙe sharkaf, fiye da abin da ɗigo biyu za su yi, bai tambaye ni ba. Ya goge da bakin hannun rigarsa, ya ce in tashi in kai shi gida.